Na Je Umdurman Ɗauko Yaya Haruna

Tafiyar nan wahala ce daga farkonta har ƙarshenta, ban ga abin daɗi a ciki ba. Tun da na dawo, duk wanda ya gan ni a gareji sai ya jawo benci ya ce, Sale ba mu labarin Sudan, wai da gaske shayi suke sha kamar ruwa? Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, kullum ina tsallake wurin da ba na so. Ga shi nan na rubuta gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni.

Inna ce ta aike ni. Yayana Haruna ya bar Fataskum shekara ashirin da biyu kafin nan da niyyar Makka ta ƙasa, ya maƙale a Umdurman, ya yi aure, ya hayayyafa, ya kama tuƙin babbar mota. Da idon Inna ya tafi, ƙafa ma ta soma ƙi, sai ta kira ni ta ce, "Je ka taho mini da Haruna. Ba saƙonsa nake so ba, shi nake so a ɗakin nan kafin a fitar da ni." Na ce to. Na mayar wa maigidana makullin tirelar da nake ja, Inna ta sa aka ƙulle mini goro da daddawa da kuka, na kama hanya bayan ɗaukewar damina.

Maiduguri, Gamborun Ngala, Kusiri, duk wannan ba tafiya ba ce. Daga Injamena aka fara. Motar da za ta Abeshe an cika ta da buhunan sukari, mu fasinja muna kan buhunan kamar kaji. Ni direba ne, abin da na fara dubawa ɗaurin lodi. Igiyar ta sha rana har ta yi fari, ƙullin kuma irin na ɗaure akuya. Na yi wa direban magana ta bakin wani mai jin Hausa, ya ce in ban so in sauka in bi su da ƙafa. Kwana na biyu igiyar ta tsinke a wani gangare, buhu shida suka sulale ƙasa da wata tsohuwa 'yar Haɗeja a kansu. Allah ya sa yashi ne. Ta tashi tana kakkaɓe zani tana zagin direban har kakansa, shi kuma yana ta gode mata don bai san me take cewa ba. Ni na sake ɗaure lodin nan daga gaba har baya, bai ƙara motsi ba, direban ya ba ni wuri a gaba kusa da shi. Na shiga Sudan ina ganin babu mai koya mini ɗaurin kaya a duniya.

A iyaka, tsakanin Adare da Jinaina, wani soja ya kwance ƙullin Inna, ya kai daddawa hanci, ya ja da baya kamar ya taka maciji. Ya kira na gaba da shi. Suka tsaya a kaina sai da na gutsura na ci ɗanya suna kallo, sannan suka yarda ba guba ba ce. Goron kuwa sun san shi sarai, rabi suka ɗiba. Sojan ya tambaye ni, "Fallata?" Na ce Bahaushe. Ya rubuta Fallata. A can Bahaushe da Babarbare da Bafulatani duk sunansu ɗaya. Kwana uku muka yi a harabar masallaci muna jiran hatimi, wai mai riƙe da makullin durowa ya tafi biki.

Daga Jinaina zuwa Umdurman ba zan ƙirga muku garuruwa ba. Yashi ne. In mota ta kafe sai a sauko da faffaɗan ƙarafa a shimfiɗa ƙarƙashin taya, ta hau ta wuce, mu ciro mu ruga gaba mu sake shimfiɗawa. Haka muka yi kwana tara. Takalmina ɗaya a can na bar shi.

Adireshin Yaya yana cikin aljihun rigata, gumi ya cinye shi, Alsawra kawai ake iya karantawa. Ashe Alsawra ba unguwa ɗaya ba ce, gari ce guda, kuma sassanta ba su da suna sai lamba. Na koma Kasuwar Umdurman ina yawo har na ji ƙamshin tsire. Su agashe suke ce masa, kuma mutanenmu ne ke yin sa. Na yi sallama da Hausa, mai tsiren ya amsa da wata Hausa rabinta Larabci. Da na ce Haruna ɗan Fataskum direba, sai ya ce, "Usta Harun mai battah? Zauna ka ci nama tukuna." Usta maigida ke nan a aikin mota, battah kuwa ita ce motar da bayanta shimfiɗe yake, ba bango ba ƙofa. Shi ya rufe tukubarsa ya raka ni har gida.

Yaya ya fito da farar jallabiya, gemu ya yi fari fat. Ya dube ni ya daɗe. Ya dafa kafaɗata irin gaisuwarsu, sannan ya ce, "Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Inna ce ta ce in zo da kai."

Ya zauna a bakin gadon igiya da ke tsakar gida. Sai ga matarsa Hauwa ta fito. A nan aka haife ta, kakanta ne ya taso daga Katagum zai je Makka ya tsaya. Ta ajiye mini ruwa ta ce, "An ce ƙanin miji ya fi miji kyau, amma ni an cuce ni. Ya zol, bawan Allah, wannan ƙafa ce ko itace?"

Na ce, "Hanyar garinku ce ta mayar da ita haka."

"To ka zo ɗauke mini miji ke nan?"

"Uwarsa ta riga ki."

Ta yi dariya. Daren nan ta yi mana miyar kuka da daddawar Inna. Yaya ya kai loma ɗaya ya ajiye hannu, ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya fito ya ce, "Zan je. Amma fita ƙasar nan ba kamar shigarta ba ce."

Gaskiyarsa. Soja ke mulki, kamar yadda muke da su a gida lokacin, amma nasu sun fi namu son takarda. Sai da takardar fita, ita kuma sai an kawo wata takardar, ita ma sai da wata. Kafin ta fito dole a ci abinci, kuma abokin aikin Yaya an sauke shi daga bas a kasuwar Suk al-Arabi an tafi da shi horon soja saboda yaƙin kudu. Sai na hau kujerarsa. Wata biyu da rabi muka yi tare.

Aikin kamar na gida ne, sai abin da ba a rasa ba. Da asuba mu tsallaka gada zuwa Khartum mu bi layin mai. Karin kumallo sai ƙarfe sha ɗaya, ful, wato wake da aka dafa ya farfashe aka zuba masa man riɗi, kowa ya sa hannu da burodi a kwano ɗaya. Makon farko cikina har ƙara yake kafin lokacin. Akwai kisra, wata irin wainarsu ce fale-fale kamar takarda, ka ci goma ba ka san ka ci ba. Shayi kuwa da gaske ne, mata ke sayar da shi a gindin kowace bishiya, ba maza ba kamar nan. Abin da ya fi ci mini rai shingen soja. Ka gama ɗaure tamfol da gumi, kafin ka fita gari wani ya ce kwance a gani, ya soka ƙarfe a buhu biyu, ya ce wuce.

Mota mara bango ɗauri ne bangonta. Siminti a rufa tamfol a bi shi da igiya ƙugiya bayan ƙugiya. Durom a tsayar da su a tokare da katako. Rodi a shimfiɗa katako a ƙasa, a jera damman, a ɗora sarƙa ta sama, a ja maƙullin sarƙar da guntun bututu har sai ta yi ƙara in an buge ta. In an fita gari a tsaya a ƙara ja, don kaya yana zama in ya sha girgiza. Duk wannan na sani. Inda muka saɓa da Yaya wuri ɗaya ne. Tirelolinmu na gida suna da garkuwar ƙarfe a bayan kan mota. Tasa mai motar ya sa an yanke, don dogon rodi ya samu wurin shiga gaba. Saboda haka duk ranar rodi sai Yaya ya yi abin da yake kira ɗaurin baki. A tokara katako mai kauri a tsinin rodin ta gaba, a lulluɓe da tsohon tamfol, a zagayo da sarƙa a ja ta baya ta gefe biyu. Sai ka kutsa tsakanin kai da lodi, ƙarfe ya ɗau zafi, hannu ya yayyage. Yana cin kusan awa.

Na ce, "Yaya, rodi jaki ne da za a sa masa takunkumi?"

Ya ce, "Sarƙar sama tsalle take hana shi, ba ta hana shi tafiya gaba. Ƙarfe kan ƙarfe santsi gare shi."

"Shekara sha takwas ina jan rodi."

"Da garkuwa a bayanka. Miƙo katakon, surutu ba ya ɗaure kaya."

Azumi ya kama. Nan na ga abin da ya burge ni. In magariba ta kusa, kowane magidanci a Alsawra sai ya fito da tirensa bakin titi, a shimfiɗa tabarmi, maƙwabta su haɗu, duk mai wucewa a ce masa ya zauna. Na ɗauka iyakar al'adar ke nan.

Ran uku ga azumi aka ce Yaya ya je ofis kan takardarsa, ranar kuma muna da rodi zuwa garin Madani. Ya bar ni da lodin a kasuwar kayan gini ta Khartum. Leburori na azumi, aiki na tafiya kamar ba a so, sai bayan azahar aka gama jerawa. Na ɗora sarƙa huɗu ta sama, na ja su iya ƙarfina. Na tsaya na dubi ramin nan tsakanin kai da lodi, maƙogwarona ya bushe, hannuna na zafi. Na ce a raina titin Madani kwalta ce miƙaƙƙiya, ba tudu ba gangare. Na jefa tsohon tamfol a kan tsinin rodin na sassoke gefensa. Katakon da sarƙa ta biyar na bar su a akwatin kayan aiki.

Wajen la'asar sai ga Yaya yana ɗaga takarda tun daga nesa, yana dariya kamar yaro.

"Khalas, an gama, an buga hatimi. Salla da kwana biyu mu kama hanya. Ka ce Inna za ta gane ni?"

"Ba ta gani, ta ina za ta san ka tsufa?"

Ya ɗauki sifana ya zagaya motar yana bugun sarƙa ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Ya iso gaba ya ga tamfol. Ya ce, "Ka ɗaure baki?"

Na ce, "Na ɗaure."

Kullum sai ya sunkuya ya leƙa, ko shi ya ɗaura da hannunsa. Ranar bai leƙa ba. Ya wuni a tsaye a layi da azumi, ya miƙo mini makulli ya ce in ja, shi zai ɗan runtsa. Da muka fita gari na tsaya na ƙara jan sarƙoƙin huɗu, yana barci. Akwatin yana nan kusa da gwiwata. Na wuce shi na hau mota.

Kun san hanyoyinmu a shekarun nan. Duk direban da ya taɓa bin daji da yamma ya san dokar: in ka ga mutane sun tare titi, kada ka tsaya. Ni da kaina an taɓa kwantar da ni a kwalta an taka mini wuya. To rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, muna dab da wani ƙauye, sai na hango maza sun fi goma a tsakiyar titi, biyu sun ja wani farin ƙyalle daga gefe zuwa gefe, sauran suna ɗaga hannu. Ban yi tunani ba. Na danna ham, na ƙara wuta.

Ham ɗin ne ya tashi Yaya. Ya ɗago ya ce, "Tsaya, tsaya, buɗa baki ne!"

Ashe a ƙauyukan hanyar nan, in magariba ta yi a watan azumi, rawani suke warwarewa su tare titi, su sauke duk matafiyi dole ya sha ruwa da su. Kowane direba a ƙasar ya sani, tun daga nesa yake rage gudu. Ba wanda ya gaya mini don ba wanda ya zaci akwai wanda bai sani ba.

Mutanen suka watse, sai wani dattijo ɗaya riƙe da babban kwano, ya tsaya cak a tsakiya, ya kasa gaba ya kasa baya. Na taka birki da ƙafa har ƙasa, na karya kan motar dama, tayoyin gaba suka nutse a yashin gefen titi. Motar ta tsaya. Rodin bai tsaya ba. Damin da ke gefen dama ya sulale ta ƙarƙashin sarƙoƙina huɗu, ya huda bayan kan motar, ya shigo ta kujerar Yaya. Ni ko ƙwarzane ban yi ba.

Ba zan faɗi yadda muka ciro shi ba. Mun kwantar da shi a kan tabarmar da suka shimfiɗa wa baƙi, tsakanin tirurruka. Yana numfashi, idonsa biyu. Ya juya kai ya dubi motar, ya dubi rodin da ya fito ta gilashi, sannan ya dube ni. Mutumin da ya shekara ashirin yana ɗaure rodi ba sai an gaya masa abin da ya faru ba. Na jira ya faɗa. Sai ladan ya kira salla, ya ce, "Sha ruwa, Sale. An kira." Wani ya ɗiga masa ruwa a leɓe. Aka sa shi a bayan wata ƙaramar mota, kansa a cinyata, kafin mu ga fitilun Khartum ya cika.

'Yan sanda sun zo sun bubbuga sarƙoƙi huɗu, suka ji su tam, suka rubuta hatsari. Sun riƙe ni kwana biyu, amma sun haɗa ni da ɗan sanda na je jana'iza a Umdurman. Hauwa ta aiko kawunta ya sa hannu cewa iyali ba sa neman komai a kaina. Da na koma gida ta yi mini magana ta bayan labule. Ta ce, "Ƙaddara ce, Sale. Na yafe, kai ma ka yafe wa kanka. Ceton rai ka yi."

Bayan an sako ni aka kafa rumfar makoki a ƙofar gida kwana uku. Kullum sai dattijon nan mai kwano ya zo tun daga ƙauyensu, Hajji Attayyib sunansa. Ya zauna kusa da ni ya kama hannuna yana kuka, ana fassara mini. Wai shi ne sanadi, shi ya tsaya a titi, shekara arba'in yana tare baƙi bai taɓa kashe kowa ba sai bana, kuma ya rantse ba zai ƙara fita titi da kwano ba. Ni kuma ina ce masa ma'alesh, wato ba komai, kalmar da na iya ke nan. Kwana uku ina ba shi haƙuri a kan abin da ni na yi.

Bayan Salla da kwana biyu na kama hanya, ranar da muka sa. Yashin nan dai, iyakar nan dai, sojan da ya sa ni cin daddawa har ya gane ni ya tambaye ni ina goro. Ban tuna abin da na ci a hanya ba.

Na shiga gida da la'asar. Inna tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ban gama sallama ba ta ce, "Takun mutum ɗaya na ji."

Na durƙusa na gaya mata. Ta yi salati, ta daɗe tana jan carbi, hawaye na bin fuskarta. Ta tambaya ko an yi masa sutura yadda ya kamata, na ce an yi, mutane sun cika maƙabarta. Ta tambaya ko ya yi niyyar zuwa da gaske, na ce takardarsa na aljihunsa. Sai ta ce, "Saura me? Muryarka ba ta sauka ba."

Na gaya mata katakon da sarƙa ta biyar, da tambayar da ya yi mini, da amsar da na ba shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ranar. Daidai nan aka kira magariba.

"Matarsa ta sani?"

"A'a. Ta ce ta yafe."

"Ta yafe abin da aka gaya mata. Tsohon fa?"

"Shi ma bai sani ba."

Ta ce, "Ni uwa ce, ɗaya ya tafi, ba zan jefar da ɗayan ba. Amma nawa mai sauƙi ne. Ka bar marayu da uwarsu suna yi maka godiya, ka bar bawan Allah yana ɗauke da gawar da ba tasa ba. Tashi ka ba ni wuri in yi salla."

Washegari da safe na je kasuwa na sayi kaset sabo, na ari rikodar maƙwabcina, na tambayi wani mai kai goro har Umdurman ranar tashinsa, ya ce jibi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Hauwa ba ta karanta boko, kuma ban so wani ya karanta mata da bakinsa. Na danna, na yi sallama, na ce Sale ne, ki sa a kira Hajji Attayyib da mai fassara kafin ki ci gaba da ji. Sannan na fara daga inda leburori suka gama jera rodin.